Ƙofa Mai Kuka

"Ɗauki turarenka, Malam Lawal. Ni dai na fasa!"

Larai ta dangwarar da kwalbar a kan dakalin ƙofar gidansu da ke Makera, ta juya masa ƙeya. Ba don komai ta juya ba sai don kada ya ga idonta ya ciko.

Lawal kafinta ya yi sororo, fensir maƙale a bayan kunnensa.

"Kin fasa me, Laraina?"

"Auren!"

"Subhanallahi... Me na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Abin haushin ke nan!"

Ta fashe da kuka. Da ƙyar ya lallashe ta ta yi bayani.

Mahaifiyarta, Inna Tagwai, yanar ido ta rufe mata gani, sai dishi-dishi take gani. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu tun Larai tana goye. 'Yan biyun maza da suka sa ake kiranta Tagwai kuwa ko yaye ba su kai ba. Larai ce kaɗai ta rage mata, ita ce idonta, ita ce sandarta. To, jiya Inna ta yanke magana: da zarar an ɗaura aure za ta koma ƙauye wajen wani ƙaninta da rabonta da shi shekara ashirin.

"Wa zai kai ta makewayi a can? Wa zai cire mata ƙaya a kifi?" Larai ta share hanci da gefen mayafi. "Ina son ka, Allah ya sani. Amma ba zan yi lalle a bar min uwa tana lalube ba."

"To, ta zo ta zauna da mu mana."

Larai ta dube shi kamar ya tsiro da ƙaho.

"Inna? A gidan suruki? Matar da in ta ji tarinka daga nesa take shigewa ƙuryar ɗaki? Kuma wane gida? Wannan ɗan tsukin naka na bayan garejin Sylvester, da ko akuya sai ta fito da baya?"

Ba sharri ta yi masa ba. Shekarar ce aka buɗe sabuwar masaƙa a Kakuri, mutane suka yi ta kwararowa har ɗaki ya zama abin nema ido rufe. Abin da Lawal ya mallaka duk duniya shi ne wani ɗan fili, ƙafa goma sha biyu a ƙafa ashirin.

Ya zaro fensirinsa ya juya shi a hannu.

"Mene ne ainihin abin da take tsoro?"

Larai ta yi ƙasa da murya.

"Ta ce mai ido ma da dabara take kauce wa suruki. Ita da ba ta gani fa? Wata rana sai ta fito ba mayafi ta yi kiciɓis da kai. Ta ce gara mutuwa da wannan abin kunya."

Lawal ya mai da fensirin bayan kunne. Can ya tura mata kwalbar da ɗan yatsa.

"Ajiye min wannan. Ba ni wata biyu."

"Me za ka yi?"

"Aikina."

Wata biyun nan Larai ta ji jiki! Zance ya koma sallama da gaisuwa, Lawal ya zo fuska duk garin katako, ya yi hamma uku ya tafi. Labari sai a bakin Edith, matar Sylvester makanike, wadda suke haɗuwa da ita a famfo.

"Wannan mutumin naki ya haukace," in ji Edith da Hausarta ta Kakuri. "Akwatin da aka kawo injin masaƙa, duk ya kwaso a amalanke. Ƙwanƙwasa, ƙwanƙwasa, tun safe! Kaina zai fashe!"

Ranar wata Laraba da hantsi Edith ta ja ta suka je gani.

Larai ta tsaya a ƙofa ta riƙe baki.

Ɗaki biyu ne ƙanana, bangon katako a tsakani. A nasu ɗakin ta duba ba ta ga gado ba.

"A tsaye za mu riƙa barci?"

Lawal ya zare wata sakata. Wani faffaɗan allo ya sauko daga jikin bango a hankali, ƙafafu suka buɗe da kansu. Gado! Ya mai da shi sama, sai ga fili har na shimfiɗa tabarma biyu. Kantocin jere ya kai su har rufi, ko wace kwalla da gurbinta. Kujerar zama in ka ɗaga murfinta akwatin kaya ce. Hatta bayan ƙofa bai tsira ba, nan ya yi wa ludayi da muciya wurin rataya.

"Kai, Malam Lawal! Ka bar wa gizo-gizo wurin saƙa kuwa?"

"Ya nemi haya a wani gidan."

Amma da suka shiga ɗakin Inna, dariyar Larai ta tsaya. Gadon ƙasa-ƙasa ne, gefensa a goge sumul, ba kusurwar da za ta bugi ƙauri. Daga kan gadon wata doguwar gora ta bi bango daidai ƙugu, ta fita ƙofa, ta zagaya ɗan tsakar gidan, ta wuce randa, ta nufi makewayi.

"Tsaga ɗaya a jikin gorar, ta iso randa," ya ce. "Tsaga biyu, murhu na kusa, ta yi hankali. Ni kuma ta titi zan riƙa shiga ɗakinmu, ku mata kuna da ƙofarku ta gefe. In zan fito tsakar gida alwala, sai ta nan."

Ya tura ƙofar bayan ɗakinsu.

Ƙiiiiiii!

Edith ta toshe kunne. Larai ta yamutsa fuska.

"Haba, kafinta! Duk wannan gwaninta, ƙofa ta gagare ka?"

"Kwana uku na yi ina neman ƙarfe mai tsatsa kafin ta yi wannan kukan. Da Inna ta ji shi ta san ni ne. Zan tsaya in ƙirga ashirin kafin in fito."

Daɗi ya cika Larai har tana jin kunyar Edith.

"Lawal..." ta ce, ba Malam ba komai.

"Na'am, sanyin idona?"

"Turaren... na fara shafawa."

Sai da Larai ta yi kwana huɗu tana magiya, da kuka, da yajin cin tuwo, kafin Inna Tagwai ta yarda za ta taka.

"Gani kawai zan yi, in ma ganin ne," ta ce. "Kuma ki gaya wa yaron nan kada ya kuskura ya doshi unguwar sai bayan azahar."

To, ga inda aka yi ɓarna. Da sassafen ranar Sylvester ya zo wucewa, ya tura ƙofar nan ya ji kukanta. Mutumin da ko keken wani ya ji yana ƙara a titi sai ya tsai da shi! Ya ce a ransa, yau surukar abokinsa za ta zo, ai ba zai bari ya ji kunya ba. Ya ɗauko gwangwanin baƙin mai ya ɗura wa ƙarfen har yana ɗiga, ya koma gareji yana fito, yana jin ya yi abin kirki. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa.

Da hantsi Larai da Edith suka shigo da Inna ta ƙofar gefe, fuskarta a murtuke. Ta zauna a bakin gado ta shafa katakon. Ta shafa, ta sake shafawa.

"Hm," ta ce.

Hannunta ya faɗa kan gorar.

"Wannan fa?"

"Ki bi ta ki ji, Inna."

"Maza sun fita?"

"Ba kowa sai mu. In zai shigo ma ƙofa za ta yi kuka, na gaya miki."

Inna ta zame mayafinta ta ajiye, ta miƙe.

"Sake ni. Kada wadda ta taɓa ni."

Ta kama gora ta fara takawa. Taku ɗaya, biyu... ta fita tsakar gida. Yatsanta ya ji tsaga, ta miƙa hannu, sai ga murfin randa. Ta ɗebi ruwa da moɗa ta sha da kanta. Shekara uku rabon da ta yi haka ba a miƙo mata ba! Larai tana daga bakin ƙofa tana goge hawaye, Edith na matse mata hannu.

Inna ta ci gaba, har da ɗan sauri, ta sha kwanar bango. Larai ta biyo ta a baya, ta leƙa...

Inna lillahi!

Lawal ne durƙushe a ƙarshen gorar, ya ba su baya, ƙusa biyu a bakinsa. Ashe yana shago ya tuna bai kafe ƙarshen ba, tsoro ya kama shi kada tsohuwa ta jingina ta faɗi. Ya sheƙo a guje, ya tura ƙofarsa, ya tsaya ya ƙirga ashirin ɗinsa cif. Hankalinsa na kan ƙusa, bai ko lura ƙofar ta yi gum ba.

Kafin Larai ta buɗe baki, gora ta ƙare, hannun Inna ya sauka a kan hularsa.

Lawal ya sandare. In ya gudu, tsohuwa ta kife. In ya ce zai yi magana, ga ƙusa a baki, ga kunya.

Inna ta lallatsa hular.

"Larai, wannan kuma tulu ne aka rufe da tsumma?"

Hannun ya gangaro. Ya taɓa kunne. Ya taɓa fensir.



Edith ta leƙa ƙofar ta ga mai yana ɗiga, ta ɗora hannu a ka.

"Sylvester! Sylvester ya kashe mu! Ya zuba mata mai!"

Shi ke nan. Abin da Inna ta ce gara mutuwa da shi, ga shi ya faru a ranar farko, kai ba mayafi, hannu a kunnen suruki. Larai ta hango motar ƙauye, ta hango kanta tana mayar da turare karo na biyu.

Lawal ya tofar da ƙusoshin.

"Inna, ki gafarce ni... Wallahi na ƙirga ashirin... Gorar ce ban kafe ba, na ji tsoron kada ki..."

Inna ba ta janye hannunta ba. Ta gangara da shi kafaɗarsa, ta bi damtse har ta kamo tafin hannunsa. Ta juya shi tana shafawa. Duk kanta ne da yanka, babban yatsa ɗaure da tsumma.

"Gorar nan," ta ce a hankali, "wa ya goge ta?"

"Ni ne, Inna."

"Ko sartse ɗaya ban ji ba."

"Ai... sai da na rufe idona na bi ta sau da yawa."

Hawaye ya zubo wa Inna daga idanun nan farare, ba ta share ba.

"Maza biyu na haifa rana ɗaya," ta ce. "Da sun rayu, da sa'anninka ne. Kullum ina tunanin wane irin hannu za su yi."

"Inna..." Larai ta matso tana shessheƙa. "Ga mayafinki."

"Riƙe abinki! Wa zan rufe wa kai? Ɗan da ya rufe ido don ya ga hanyata?"

Edith ta ƙwala wata guɗa karkatacciya, wadda ta sa kajin maƙwabta suka watse. Larai tana kuka tana dariya, ta rasa wanda za ta runguma, sai ta rungumi Edith.

"Ke kuma ki daina jiƙa mutane," in ji Inna. "Ki aika a gaya wa liman, Juma'ar sama nake so a ɗaura. Na gaji da yajin tuwonki."

Sannan ta ɗan ja hannun Lawal, wanda har yanzu yake durƙushe kamar an dasa shi.

"Tashi mana, ka riƙe ni. Gorarka ta ƙare a nan, ni kuwa ban gama zagaya gidana ba."