Ƙyauren da Baƙi Suka Rufe

Ranar Asabar ɗin nan kicin ɗin gidan Beddoes ya koma kamar kasuwa. Glenys, uwar gida, tana fito da kek daga tanda tana faɗa da kare, ita kuwa Tamsin ta shiga ta fita ya fi sau goma, yanzu da tawul a kafaɗa, an jima da furanni a hannu. Glenys ta ce mata ta zauna ta sha shayi kafin ta yanke jiki ta faɗi. Ina za ta iya zama? Baƙinta na farko suna hanya, ƙarfe huɗu za su iso.

Tamsin 'yar Birmingham ce, a otal take aiki kafin soyayya ta jawo ta ƙauye. Gareth, ɗan gidan tilo, shi ya gan ta a kasuwar Ludlow tana cinikin cuku, daga nan bai sake samun natsuwa ba sai da ta amince za ta aure shi. Yanzu saura mako uku ɗaurin aure. An riga an karanta sanarwar auren sau ɗaya a coci, saura Lahadi biyu a cika uku kamar yadda aka saba.

A ƙarshen lambun tuffa akwai wani tsohon ɗakin dutse inda kakan Gareth yake matse tuffa a zamaninsa. Shekara ɗaya da rabi Tamsin da Gareth suka yi suna gyara shi da hannunsu, har ya zama ɗan gidan hutu na ma'aurata: ɗaki ɗaya, murhun itace, da taga mai kallon hasumiyar cocin Ludlow. Duk wanda ya gan shi sai ya yaba, ban da mutum ɗaya. Clive Beddoes, mahaifin Gareth, bai taɓa sa ƙafarsa ciki ba.

Yana zaune a bakin tebur yana shan shayinsa a wannan safiya, Tamsin ta matso da murmushi ta tambaye shi ko zai zo ya gaisa da baƙi. Bai ko ɗago kai ba.

"Gona ce nan, ba otal ba," ya ce, ya ɗauki hularsa ya fita.

Gareth ya kama hannunta a ƙarƙashin tebur ya ce kar ta damu, haka Baba yake, ko rana ta fito sai ya nemo mata laifi. Ta yi dariya, don ranar babu abin da zai ɓata mata rai.

Baƙin suka iso a kan lokaci, wani Mista Hallam da matarsa daga Leeds, sun zo murnar cika shekara talatin da aure. Matar ta ga gadon da furanni da kek, sai ƙwalla. Tamsin ta dawo gida da gudu kamar ƙaramar yarinya, ta faɗa jikin Gareth tana cewa, "Sun ce fantastik! Ka ji? Fantastik suka ce!" A kan teburin gidan hutun ta bar musu ɗan littafi da ta rubuta da hannunta: wace rumfa ce ke da cuku mai kyau a kasuwa, ranakun da kasuwar ke ci, da hanyar ƙafa da ta ratsa gonar ta nufi gari. A ƙasan shafin ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa duk ƙyauren da suka wuce su rufe shi.

To, a nan gizo ke saƙa. Haka ake koya wa yaran birni a makaranta, wai idan ka shiga ƙauye ka rufe ƙyaure. Mu nan kuwa ko yaron goye ya san ƙa'idar ba haka take ba. Ƙyaure, yadda ka same shi haka za ka bar shi. Idan manomi ya bar shi a buɗe, da dalilinsa.

Lahadi aka tashi da zafin da an daɗe ba a ga irinsa ba. Da sassafe Clive ya duba shanunsa a filin tudu, ƙyauren da ke kai su rafi a buɗe, komai lafiya. Aka yi ado aka tafi coci. Da limamin cocin ya kira sunan Gareth da Tamsin, Glenys ta matse hannun yarinyar har sai da ya yi ja. Daga can aka zarce gidan ƙanwar Glenys cin naman Lahadi, aka sha hira kan rigar amarya da waɗanda za a gayyata. Su Hallam kuwa tun ƙarfe tara suka bi hanyar ƙafa zuwa gari, suka tarar da ƙyaure a hangame, suka ja shi suka sa sakata, suna jin sun yi abin kirki.

Ƙarfe biyar motar gidan ta shigo, tun daga bakin hanya ake jin kukan shanu. Ashirin da huɗu ne, sun cunkushe a jikin ƙyauren, harsuna a waje, ga rafi suna gani ba damar sha. Ɗaya tana kwance a ƙasa, kuma ita ce mai tsohon ciki wadda Clive yake ji da ita fiye da sauran.

Aka buɗe, aka kira likitan dabbobi, aka yi ta jido ruwa. Da abin ya ɗan lafa, Clive ya nufi gidan hutun a karo na farko tun da aka gyara shi, fuskar nan ja wur, zai kori baƙin. Tamsin ta riga shi isa, ta tsaya a bakin ƙofa da rigar cocinta duk taɓo.

"Mista Beddoes, ba laifinsu ba ne. Ni na rubuta musu su rufe."

Ya dube ta tun daga sama har ƙasa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce tun farko ya faɗa, wadda ba ta san gona ba ba za ta taɓa saninta ba. Ya ce ranar Asabar idan waɗannan sun tafi za a kulle gidan, kuma shi ba da shi za a yi wannan aure ba, wanda zai je ya je. Tamsin ta juya tana neman idon Gareth. Gogan naka yana tsaye a bayan ubansa yana kallon takalmansa, ko uffan bai ce ba. Wannan shirun ya fi maganar uban yi mata ciwo.

Washegari saniyar ta yi ɓari. Tamsin tana bayan rumbun ciyawa tana kuka Gareth ya same ta, idonsa shi ma ya kaɗa. Ya yi ta kame-kame, can dai ya fito da maganar. Ashe tun ranar Juma'a Baba ya ce masa ya ɗaure ƙyauren nan a jikin turke da igiyar ɗaurin ciyawa, kamar yadda ake yi wa duk ƙyauren da ake so ya zauna a buɗe a kan hanyar masu yawo. Ƙyauren da aka ɗaure ba baƙon da zai taɓa shi. Shi kuwa yana ɗokin kafa allon sunan gidan hutun kafin baƙi su zo, ya mance sam.

Tamsin ta share hawayenta ta dube shi.

"Kana tsaye jiya yana faɗa min wannan maganar, kuma ka sani?"

Ya ce tsoro ya ji. Idan Baba ya ji, zai ce gidan hutun ne ya ɗauke masa hankali daga gona, abin ya ƙara lalacewa. Ranta ya ɓaci matuƙa, har ta ji kamar ta cire zoben ta miƙa masa. Duk da haka ta ce ita ba za ta kai ƙararsa ba.

"Ba daga bakina ya kamata ya ji ba, Gareth. Ni dai ina so in san wa zan aura."

Kwanakin da suka biyo baya, wallahi ko maƙiyinka ba ka so ya gan su. Kullum da sassafe Tamsin ce a wurin saniyar nan, ta kai mata ruwa, ta canja mata shimfiɗar ciyawa, ta ba ta maganin da likita ya bari. Idan ta gaida Clive sai ya amsa wa kare. Ranar Laraba ta shiga kasuwa sayo wa baƙi cuku da burodi, ta tarar labari ya riga ta, mai sayar da ƙwai har da tambayarta ko yau ma ta rufo ƙyaure. Mahaifiyarta ta bugo waya daga Birmingham ta ce ta haɗa kayanta ta dawo, ba a kan shanu za a wulaƙanta mata 'ya ba. Tamsin ta ce a ba ta zuwa Asabar. Glenys kaɗai ke lallashinta a kicin, tana cewa shekara talatin da biyar take zaune da mutumin nan, zuciyarsa kamar ƙasar da ta daskare da sanyin hunturu ce, sai an jira take narkewa. Duk da haka Tamsin ba ta faɗa wa ko Glenys abin da ta sani ba, kuma su Hallam har suka gama hutunsu ba su ga komai a fuskarta ba sai fara'a.

Shi kuma Gareth ya rame a tsaye. Ya ɗauki cokali ya ajiye, ya fara magana ya haɗiye. Yana ganin yarinyar da ta bar aikinta da garinsu saboda shi tana ɗauke da kayan da rabinsa nasa ne, kunya ta hana shi sakat.

Ranar Juma'a ana cin abincin yamma, Clive ya ce wa Glenys ta faɗa wa yarinyar nan ta buga wa sababbin baƙin da ake jira gobe waya kar su zo. Yarinyar nan kuwa tana zaune a gabansa. Sai Gareth ya ture farantinsa.

"Baba, ban ɗaure ƙyauren ba. Ka ce in ɗaure ranar Juma'a, na mance. Da na ɗaure shi da babu abin da zai faru." Ya ce idan za a hukunta wani to shi ne, kuma auren nan zai yi shi ko da daga shi sai amarya a cocin.

Clive ya ajiye wuƙarsa a hankali, ya juya wajen Tamsin, karo na farko cikin kwana biyar.

"Kin sani?"

"Tun Litinin."

"Kika yi shiru?"

"Rubutun dai nawa ne, Mista Beddoes. Nawa laifin na ɗauka. Nasa kuma shi ya kamata ya kawo maka."

Tsohon ya daɗe yana kallonta. Daga nan ya tashi ya fita duba shanu, bai ce a buga wayar ba, bai ce kar a buga ba.

Asabar da hantsi su Hallam suka tafi suna ta sa albarka. Tamsin ta rasa abin yi: ta gyara gado ne, ko ta kwashe kaya? Sau uku tana ɗaukar waya tana ajiyewa. Bayan azahar dai ta rungumi zanen gado ta gangara lambun tuffa. Tun daga nesa ta ji ƙarar injin yankan ciyawa. Ta ɗauka Gareth ne. Da ta zagayo shinge sai ga Clive Beddoes da kansa, ya naɗe hannun riga, yana aske ciyawar ƙofar gidan hutun layi-layi kamar filin ƙwallo, ga kwandon ƙwai ya ajiye a kan dakali.

Ba ta gama rufe baki ba sai ga mota, sababbin baƙin sun iso kafin lokaci, ango da amarya ne 'yan kwana uku da aure. Angon ya fito ya miƙa wa tsohon hannu ya tambaye shi ko shi ne mai gidan. Clive ya kashe injin ya goge hannunsa a wando.

"Ni makiyayi ne kawai. Gidan na surukata ne, ga ta nan, ita ta gina shi." Ya ƙara da cewa idan za su bi hanyar ƙafa zuwa gari, ƙyaure yadda suka same shi haka za su bar shi, idan kuma sun rikice su tambaye ta, ta san gonar.

Zanen gadon ya kusa suɓuce wa Tamsin. Hawaye suka zubo mata a gaban baƙi, ta kasa tare su, amaryar har ta zaci wani abu ne ya faru. Clive ya yi gyaran murya, ya dubi sama kamar mai duba hadari, ya tambayi Tamsin wai ƙarfe nawa ne ma ake shiga coci gobe. Mutumin da ya shekara sittin yana zuwa cocin nan!

"Goma da rabi," ta ce, tana dariya tana kuka.

"To, kar ku sa mu makara."

Ta bar baƙin da makulli a hannu ta ruga gida tana kiran Gareth, kare na bin ta yana haushi, Glenys ta leƙo ta taga da gari a hannu tana tambayar ko gobara ce. Lahadi aka karanta sanarwa ta uku, Clive yana layin gaba da kwat ɗinsa. Mako biyu bayan nan aka ɗaura aure, kuma Clive ne ya fara tashi rawa da amarya, rawar da har yau ake ba da labarinta a kasuwa.

'Yan mata da samari, ku ɗauki darasi. Da Tamsin ta tona asirin Gareth ranar Litinin, da ta wanke kanta a take, amma da ta auri mijin da bai taɓa tsayawa da ƙafarsa a gaban ubansa ba. Ta amsa nata laifin, ta bar masa nasa har ya kawo shi da kansa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa, ita kuwa kwana biyar ta yi tana hura wutar, ta samu miji, ta samu uba.