Abin da Mai Agogo Ya Ɓoye

Tun daga bakin ƙofa Mai Agogo ya san Inna, mahaifiyarsa, ta zo, don ga takalmanta a jere. Malama, matarsa, tana durƙushe tana ninke wanki, kanta a ƙasa. 'Yarsu Lele, mai shekara uku, tana can gefe tana wasa da murfin tukunya.

"Kira ta ka gani," in ji Inna, ko gaisuwarsa ba ta gama amsawa ba. "Sau uku ina kiran yarinyar nan, ko waiwaye. Macen da za ta bar jaririya cikin zazzaɓi ta tafi koyar da 'ya'yan wasu, me ake jira? Mu dai a zuriyarmu babu kurma."

"Inna, a bar maganar nan."

Iyakar abin da yake iya faɗa ke nan, shekara biyu cur. Ya ga ƙwalla ta ɗiga kan rigar da Malama ke ninkewa, ya kau da kai.

Abin da ba wanda ya taɓa ji daga bakinsa shi ne, shi ma maganar mutane rabi-rabi take iso masa. Tun yana firamare yake rige-rigen bencin gaba, yana karanta leɓen malami. A shagonsa na gyaran agogo yakan kara agogo a kunne don mai kaya ya gani, alhali da ido da ɗan yatsa yake gane lafiyarsa. Lokacin da yake neman Malama, takan rufe fuska da mayafi ta ce, "Kai wai ba ka gajiya da kallona?" Sai ya yi murmushi, ya bar ta a kan so ne kaɗai. Son kuwa akwai shi, amma har da tsoron kada kalma ta wuce shi.

Ranar da suka je asibiti, likitar kunne ta gama gwada Lele, ta jawo takarda ta zana wani abu kamar katantanwa.

"Can cikin kunne akwai wannan," ta ce. "A cikinsa akwai 'yan gashi ƙanana, a samansu kuma wata siririyar shimfiɗa mai laushi. In sauti ya shigo, gashin ya gogi shimfiɗar, sai saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Ina zargin ta Lele ba ta saƙu daidai ba tun kafin a haife ta. Tana jin wasu sautuka, maganar mutane ce ke kuɓuce mata. Akwai mai irin wannan a danginku?"

Kafin ya motsa baki Malama ta riga shi.

"Likita, tana wata takwas ta yi zazzaɓi, ni kuma na tafi aiki — kwana biyu na bar ta. Ki gaya min gaskiya, ni ce ko?"

Mai Agogo ya juya ya dube ta. Ashe ba haƙuri kawai take yi da Inna ba. Ta yarda da maganar, da ita take kwana take tashi.

"Ba ke ba ce," ya ce. "Likita, ni za a yi wa gwajin."

Aka sa masa abin ji a kai, aka ce ya ɗaga hannu duk sanda ya ji ƙara. Hannun ya daɗe a kan cinyarsa. Aka ɗebi jininsu shi da Lele. Da sakamakon ya fito bayan makonni, ya tabbatar gado ne, kuma ta wajensa ya biyo.

A ranar Malama ta haɗa jaka. Ta tsaya daf da shi, ta fuskance shi sosai yadda ba abin da zai wuce shi.

"Ba kunnenka ne ya ƙona min rai ba. Da ka gaya min tun muna zance, wallahi da haka zan aure ka. Amma shekara biyu ina ganin ni na kurumtar da 'yata, kana zaune kana kallona."

"Na ji tsoro ki raina ni."

"Sai ka bari na raina kaina."

Ta ɗauki Lele suka tafi gidan yayarta. Bai tare ta ba.

Washegari bai buɗe shago ba, ya wuce wajen Inna ya ajiye mata takardar asibiti, ya faɗa mata komai. Ya zaci za ta musa. Sai ta shiga murza bakin zaninta.

"Na sani," ta ce. "Marigayi babanku ma haka yake. Ni nake maimaita masa maganar baƙi. Da na ga yarinyar nan, gabana ya faɗi, na ce kada a ce daga gidana ne... sai na ɗora wa baiwar Allah."

Tare suka je gidan yayar. Inna, da girmanta, ta riƙe hannun surukarta tana kuka. "'Yata, na zalunce ki da sanina. Ki yafe min."

Malama ta yafe wa Inna nan take. Shi kuwa sai da ya yi sati uku yana sintiri, kullum da yamma, kafin ta ce ya zo ya ɗauki jakar.

Rana ɗaya aka sa wa uba da 'ya na'urar ji. Nas ta ce Malama ta yi magana daga bayansu. Malama ta ce a hankali, "Lele." Su biyun suka waiwayo tare. Ta yi dariya, hawaye na zuba, ta ce, "Kai kuma wa ya kira ka?"

Allah ya saka wa Malama haƙurinta, ya wanke ta a gaban waɗanda suka zarge ta. Mai Agogo kuma ya gane cewa lalurar da aka haife shi da ita ba laifinsa ba ce. Laifinsa shirun da ya yi, ya bar wadda ta fi kowa son sa ta ɗauki nauyin da ba nata ba.