Gadon Humaira

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairun 2025, gari ya waye da yayyafi mai sanyi a unguwar Hulme, a Ingila. Suweiba na durƙushe a falon ɗan flat ɗinsu, tana ɗura wa 'yarta Humaira magani da sirinji. Yarinyar ta kusa shekara biyu, amma in ta yi taku kaɗan sai ta zauna tana haki. An haife ta da ƙofar zuciya ɗaya a tsuke, daga baya kuma hoto ya nuna ƙodojinta ma ba lafiya.

Mijinta Ashafa, ɗalibin injiniya da ya zo karatu daga Kano, yana kicin yana waya da mahaifiyarsa Hajiya Raki. Ya manta bai rage sauti ba.

"Kai AA ne! Da ƙafata na raka ka gwajin genotype kafin a ɗaura auren nan. Mu ba mu da ciwon gado. Ka je ka kwaso 'yar Gana, ba mu san kakanta ba, ba mu san..."

"To, Hajiya."

Suweiba ta goge bakin yarinyar, ta yi kamar ba ta ji ba. Ita ma AA ce, amma wannan Hajiya ba ta taɓa sa shi a lissafi ba.

Da hantsi suka je asibiti karɓar sakamakon gwajin jinin da aka yi musu su uku. Ashafa bai gama zama ba ya ce wa likitar su fa sun yi genotype, ba su da komai. Likitar, wata dattijuwar Baturiya, ta yi murmushi. Ta ce gwajin da suka yi a gida sikila kawai yake dubawa, alhali ƙwayoyin gado a jikin mutum dubbai ne. Akwai wata ƙwaya da ke aiki wajen ginin zuciya da ƙoda tun ɗa yana ciki. Kowa yana da ita biyu, ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba. Ashafa yana ɗauke da ɗaya mai tangarɗa, Suweiba ma haka, shi ya sa su lafiyarsu ƙalau. Humaira ce ta haɗa biyun. Kuma duk cikin da za su samu nan gaba, akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da ciwon.

A cikin bas Suweiba ta yi kuka, amma kukan sauƙi ne. Ashe ba ita kaɗai ba ce!

"Bari mu isa gida in kira Hajiya," in ji Ashafa. "Yau dai kin fita daga zargi, 'yar Gana."

"Da ma ban shiga ba, ɗan Najeriya."

Ya kira, ya yi bayani tiryan-tiryan. Hajiya ta ce,

"Wato in da wata ka aura, da 'ya'yanka lafiya lau?"

"Kusan haka ne, amma..."

"To ai likita ta gama magana! Jininku ne bai haɗu ba. Ni ba ƙin yarinyar nan nake ba, Allah ya sani. Amma ba zan zuba ido kuna haifo yara suna wahala ba. Ka rubuta mata takardarta, kowa ya nemi wani."

Suweiba ta zuba masa ido. Ya sunkuyar da kai.

"To, Hajiya."

Bai rubuta ba, bai kuma ce ba zai rubuta ba. Yana fita jami'a da sassafe, ya dawo ya ci abinci idonsa a kan faranti. Da aka sa ranar aikin zuciyar Humaira a wani asibitin yara a Birmingham, Suweiba ta haɗa kaya ta tafi gidan mahaifiyarta, Mma Sherifatu, a unguwar Balsall Heath da ke can Birmingham ɗin. Ta yi zaton a can za ta sami mai tsaya mata.

Mma na tuƙa tuwo ta saurari labarin har ƙarshe. Ta ajiye muciya.

"Matar nan bakinta ba daɗi, amma ba ta yi ƙarya ba."

"Mma!"

"Ni na haife ki. Dubi wuyanki, kamar na kaza! Kin bar aikinki, kin bar barci, daga likitan unguwa sai asibiti. Za ki iya da na biyu? Ki karɓi takardarki, 'yata. Maza ba su ƙare a Ingila ba."

Suweiba ta hau bene ta zauna a ɗakin da ta girma a cikinsa, Humaira na barci a cinyarta. Kano ta ce a rabu, Birmingham ta ce a rabu, kuma duka biyun don ƙauna suka faɗa. Wanda take so ya yi magana shi ne ya yi gum. In saƙo ya shigo wayarta sai ta daɗe kafin ta duba, tana tsoron kada sakin ne. Ba ta kira shi ta roƙe shi ba, ba ta kuma kai ƙararsa wurin kowa ba. Ta riƙe sallarta da maganin 'yarta.

Ranar aikin, an shige da Humaira ke nan sai ga Ashafa a barandar asibiti, ya rame, gemu ba gyara. Ya durƙusa ya gaida Mma. Ta amsa a daƙile.

"Ka kawo?" in ji Suweiba.

"Me?"

"Abin da aka ce ka rubuta. In ka kawo ka riƙe tukuna, sai 'yata ta fito."

"Na ɗauki biro ya fi a ƙirga, Maman Humaira. Hannuna ya ƙi." Ya juya wajen Mma, har yanzu yana durƙushe. "Mma, rabin ciwon nan nawa ne. Yaya zan bar mata duka, in je in yi sabon aure, in haifi masu lafiya ina dariya? In Allah ya ƙara mana, likitoci sun ce akwai shawarar da za su ba mu tun da wuri. In kuma Humaira ce kaɗai rabonmu, ta ishe ni."

"Daɗin baki!" in ji Mma. "Ka faɗa wa uwarka haka?"

Ya kawar da kai gefe.

"Ka gani? A gabana kai zaki ne."

"A waya ba na iyawa, Mma. Da na ji muryarta, ba abin da ke fitowa sai to. Haka muka tashi."

"Ai hannunka na rubutu," in ji Suweiba a hankali. "Takarda ta ce ka rubuta. Ka rubuta mata ita."

Sai bayan la'asar likitan tiyata ya fito. Ya ce an buɗe ƙofar zuciyar, aiki ya yi kyau. Ƙodar kuwa za a ci gaba da lura da ita, tafiya ce mai nisa. Suweiba ta sulale ƙasa tana hamdala. Mma ta share ido da gefen mayafi, ta harari surukinta.

"Wuce ka je ka ci abinci, kana tsaye kamar sandar lantarki. Akwai waakye a mota, shinkafa da wake irin namu na Gana."

A gefen gadon Humaira ya rubuta wasiƙar, Suweiba na gyara masa. Duk inda zafi ya shiga sai ta ce a goge. Ya fara da gaisuwa da neman gafara. Ya ce bai taɓa saɓa wa Hajiya ba, kuma ba ya fatan farawa, amma ba zai saki matar da ba ta yi laifi ba a kan abin da shi ma yake ɗauke da shi. Ya roƙe ta ta sa musu albarka su uku.

Gado irin wannan ba laifin uwa ba ne, ba kuma na uba ba, jarrabawa ce da Allah ke ɗora wa mutum biyu tare, kuma tare ake ɗaukarta. Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma gaskiyar da aka faɗa musu cikin ladabi ita ma biyayya ce. Suweiba ta yi haƙuri a lokacin da kowa ke ce mata ta tafi, Allah kuma bai bar ta ita kaɗai ba.

Ranar da aka sallami Humaira, suka tsaya a gidan waya na unguwar. Ma'aikaciyar ta auna ambulan, ta tambayi ina za shi.

"Najeriya," in ji Ashafa. Ya ɗauko ambulan daga kan ma'auni, ya riƙe, bai saki ba.

Suweiba ta gyara goyonta, ta ɗora hannunta a kan nasa, suka tura wasiƙar ta ƙarƙashin gilashin da ke gaban ma'aikaciyar.