Hannun da Ya Goge Nikel

Da safe aka gano an musanya faifan nikel da ke cikin akwatin gilashi da na jabu, a ɗakin binciken da ake ƙoƙarin samar da zafi irin na rana ba tare da wuta ba. Na ainihin wani nau'in nikel ne da ya ɗan fi na kasuwa nauyi. Jibi masana za su zo su auna ko ƙwayoyinsa sun sauya, kamar yadda Farfesa, shugaban binciken, ya cika duniya da shela.

Sufeton 'yan sanda na shiga, ya tsaya cak. Wanda yaransa suka sa wa ankwa ƙanin matarsa ne, mai aikin goge faifan. In ba a samu ɓarawon ba, da hannunsa zai kai shi kotu. Tsoro ya kama shi, don bai san da wace fuska zai shiga gida ba.

Mai gadi ba shi da makullin ɗakin. Dakta, mataimakiyar Farfesa, hannunta na dama a ɗaure yake saboda karaya. Farfesa kuwa ya ce rabonsa da goge nikel tun yana ɗalibi.

Sufeto ya tambayi Dakta dalilin da jabun ke ƙyalli. Ta ce ko maiƙon yatsa ya zauna a saman nikel, iskar haidirojin da ake so ta ratsa shi ba ta shiga, shi ya sa ba sa ajiye shi sai a goge. Ya leƙa madubin ƙara girma, ya ga layukan gogewa a miƙe a saman jabun.

Ya ba Farfesa da ƙanin matarsa gutsuren nikel, ya ce su goge. Surukinsa ya riƙa goge nasa a kewaye. Farfesa ya yi tsaki, ya ja nasa a miƙe, irin koyarwar zamanin da.

"Ranka ya daɗe, ɓarawo ba ya ɓata lokaci yana goge jabu," in ji Sufeto. "Sai wanda hannunsa ya saba. Ina na ainihin?"

Farfesa ya zauna. "Yana ofishina. Da masanan sun auna, ba abin da za su gani ya sauya."

Sufeto ya durƙusa yana kwance wa surukinsa ankwar.

"Yaya," surukin ya ce a hankali, "da ka shigo, kai ma ka ɗauka ni ne?"

Sufeto ya kasa ɗaga kai.