Ranar da Tayar Keken Baba Ta Fashe

A wani gari kusa da Kwaya, akwai wani yaro ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, mai rawar kai. Yaron kirki ne fa. Matsalarsa ɗaya ce: kafin ka rufe baki, ya ce ya gane.

Da damina ta ja baya, tafkin garin na cike maƙil, malaminsu Mushe Zakariya'u, wato Malam Zakariya'u, ya zo da sabon abu. Ya ce za a yi gasa mai kashi uku. Da farko a ƙetare tafki da iyo. Daga nan a hau keke a zagayo gonaki. A ƙarshe a ajiye keke, a sheƙa da gudu zuwa ƙofar lakwal.

"Duk wanda ya gama ukun kafin kiran azahar, zan tafi da shi babbar gasa a Magariya," in ji Mushe. "Amma ba mai taimakon wani a hanya."

Yaron ya daɗe yana marmarin zuwa Magariya. Yana isa gida ya durƙusa gaban mahaifinsa.

"Baba, don Allah ka ara mini kekenka."

Keken nan shi Baba yake hawa gona da kasuwa, ba shi da wani. Duk da haka ya ce, "Na ara maka. Amma ka ji ni da kyau. Hanyar nan yashi ce. Kada ka cika wa taya iska. Ka bar ta da ɗan laushi, yadda in ka danna za ta lotsa. Kuma ka jingine shi a inuwa."

"Na gane, Baba."

Ina ya gane? Hankalinsa ya riga ya isa Magariya.

Ranar gasa da safe, abokinsa Sadiƙu ya zo ya danna tayar. Ya yi dariya.

"Wannan ai kamar tuwo take. Na ga masu tseren keke a wayar yayana. Tayarsu kamar dutse."

Sadiƙu bai lura cewa su a kan kwalta suke tsere ba. Yaron ma bai tambaya ba. Ya ɗauko famfo, ya yi ta ɗura iska har tayar ta ƙi lotsawa. Sauran yara suka jera kekunansu a gindin tsamiya. Shi kuwa ya ajiye nasa a bakin tafki, cikin rana, wai don ya riga kowa hawa.

Aka tsaya jiran Maigari, shi kuma bai zo da wuri ba. Rana ta yi ta dukan keken.

Da Maigari ya iso, aka buga ganga. Yara suka faɗa ruwa. Manya na tsaye a cikin tafkin da goruna, ko wani zai gaji. Yaronmu gwanin iyo ne. Yana cikin na farkon fita. Ya zura takalminsa, ya haye keke, bakinsa har kunne.

Bai yi nisa ba ya ji abu ya canza. Tayar tana nutsewa cikin yashi, keken na karkata nan da can. Ya tashi tsaye yana takawa da ƙarfi. Can ya hau kan wata saiwa, sai ya ji ƙara, fau. Tayar baya ta fashe.

Yara suka yi ta wuce shi ɗaya bayan ɗaya, har Sadiƙu. Ya zauna a gefen hanya. Ga kunya, ga tsoron abin da Baba zai ce. Sai hawaye.

Gonarsu ta gyaɗa ba ta da nisa da wurin. Baba yana can yana jiran ya ga wucewar ɗansa. Da ya ga shiru, ya biyo hanya.

"Baba, na cika iskar," in ji yaron, kansa a ƙasa. "Kuma na bar shi a rana. Ka yi haƙuri."

Baba ya duba tayar, ya dubi ɗansa. "Ka ji ciwo?"

"A'a."

"To alhamdulillahi. Taya ana liƙe ta. Yanzu me za ka yi?"

"Na ɓata komai. Gida zan koma."

"An kira azahar ne?"

"Ba a kira ba."

"To ƙafafunka ba su fashe ba. Ba zan taɓa keken ba, tunda dokar gasa ta hana. Amma hanya ta kowa ce. Zan yi tafiyata a gefenka."

Yaron ya share fuska, ya kama kan keke, ya fara turawa. Tura keke a yashi ba wasa ba ne. Gumi ya jiƙa masa riga, hannuwansa suka yi tsami. Baba yana gefe, yana ce masa, "Sannu. Mu je."

Da suka iso gindin tsamiya, duk an watse. Yaron ya jingine keken a inuwa, ya zuba da gudu. Ƙafafunsa sun yi nauyi. Daga nesa ya hango ladan yana alwala a ƙofar masallaci. Sai ya ƙara mai.

Yara suka hango shi, suka fara tafi suna kiransa. Sadiƙu ya fi kowa ɗaga murya. Yaron ya dafa ƙofar lakwal yana haki. Bai gama maida numfashi ba, ladan ya fara kira.

Mushe Zakariya'u ya dafa kafaɗarsa. "Kai ne na ƙarshe, amma ka gama. Ka shirya, za mu Magariya. Me ka koya yau?"

Yaron ya ce, "In babba ya ba ni shawara, in tsaya in ji har ƙarshe, kuma in yi aiki da ita. In kuma na yi kuskure, in faɗi gaskiya, in tashi in ƙarasa abin da na fara."

Can sai ga Baba ya iso a hankali, ƙafafunsa duk yashi. Yaron ya ruga ya riƙe hannunsa.

"Baba, za ka koya mini liƙin taya?"

"Zan koya maka," in ji Baba yana murmushi. "Amma mu fara yin salla."