Injin Gahawar Kyaftin

Ranar da Auta ta karɓi albashinta na farko a asibiti, ba ta sayi takalmi ba, ba ta sayi zane ba. Ta ja uwarta zuwa kantin kayan lantarki na bakin babban titi, wai injin gahawa za ta saya wa ubanta.

Inna ta bi ta ne don kada a cuce ta, ba don sayayyar ta kwanta mata ba. Shekara talatin mijinta ya yi yana girki a jirgin ruwa. Mutanen layi na ce masa Kyaftin, ko da yake ludayi kaɗai ya taɓa tuƙawa. A can ya koyo shan wata baƙar gahawa mai kauri a ɗan kofi kamar murfin kwalba, esfireso ake ce mata. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara, bai roƙi kowa komai ba sai ita.

Ɗan mai kantin ne ya tare su, turarensa ya riga shi isowa. Ya kai su gaban wani inji mai ƙyalli da maɓallai reras.

"Wannan shi ya dace da kyakkyawa irinki," ya ce wa Auta. "Ki jefa ɗan ƙunshin gahawa, ki danna, shi ke nan."

Auta ta duba farashin ta ja da baya. Ana haka wayarsa ta yi ƙara, ya fita amsawa.

Can ƙuryar kantin, inda ake gyara, wani saurayi ya ɗago kai daga cikin tarkace, sukudireba a bayan kunnensa.

"'Yar'uwa, wa zai sha?"

"Babana."

"Kofi nawa a rana?"

"Ɗaya. In likita ya yi sassauci, biyu."

"To me zai yi da maɓalli goma sha biyu?"

Ya sauko da wani ɗan inji baƙi daga saman kantar kaya, ba ado ba ƙyalli. Ya zare mariƙin da ake zuba garin gahawa a ciki ya miƙa mata.

"Ji nauyinsa. Ƙarfe ne, ba roba ba. Tankin ruwan yana fita a wanke. Robar bakinsa in ta cinye, ko'ina ana samunta. Wancan kuwa ba ya karɓar kowace gahawa sai ƙunshin da mu kaɗai ke sayarwa. Ki ɗauki wannan, abin da ya rage a hannunki ki sayi abin niƙa, don rabin daɗin a niƙan yake."

Auta ta karɓi mariƙin, amma ba shi take kallo ba. Shi ma ya manta ya sake shi.

"Kai Mai Sukudireba," in ji Inna, "injin yana nan ƙasa, ba a fuskar 'yata ba."

Ta fice neman mota. Tana can tana sa-in-sa da direba saurayin ya yi wa Auta bayanin yadda ake aiki da injin, ya rubuta lambarsa a jikin kwalin.

Washegari ya zo ya nuna yadda ake danne garin a mariƙi. Gahawar ta zubo siririya kamar zare, da kumfa ja a samanta. Kyaftin ya karɓa da hannunsa mai lafiya, ya kurɓa, ya daɗe idonsa a rufe.

"Ita ce," ya ce da harshensa mai nauyi. Hawaye ya bi gefen hancinsa.

Daga nan saurayin ya maida gidan hanya. Yau ya zo duba roba, jibi ya zo duba abin niƙa. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya taya Kyaftin motsa hannu, sannan su tsaya da Auta a bakin kicin suna magana ƙasa-ƙasa. Ita ta ce masa Injiniyana, shi ya ce mata Nas ɗita.

"Inji lafiyarsa ƙalau, likitansa kullum yana gida," in ji Inna. "Malam, ba ka ganin abin da nake gani?"

"Idona bai shanye ba," in ji Kyaftin. "Yaron yana da hankali."

A wata na uku aka maida Auta aikin safe, tana fita kafin ubanta ya tashi. Haɗa gahawa ya koma hannun Inna. Ta ga yadda ake yi, ba wuya. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: yaya za a ba marar lafiya wannan baƙin ɗaci tsagwaronsa? Ita tun tasowarta komai a tukunya ɗaya ake dafa shi. Sai ta dama madara da sukari ta juye a tankin, ta danna.

Kyaftin ya kurɓa ya dube ta, ya ce yau da zaƙi. Ta ji daɗi har cikin ranta. Kwana biyar tana yi masa haka.

Rana ta shida injin ya yi gurnani, ya ƙi zubo da komai. Wari ya tashi, sannan hayaƙi. Inna na can tsakar gida tana shanya. Kyaftin ya yunƙura daga kujera don ya zare wayar wutar, ƙafar ta ƙi shi, ya faɗi, goshinsa ya bugi bakin tebur.

Da Inna ta shigo ta ga jini a farar furfurarsa, ba ta ƙara ganin komai ba. Maƙwabciya ta ɗaure masa goshin. Inna ta naɗe injin a zane ta rungume shi har kanti.

Kantin cike yake da masu sayayya. Ta dire shi a kan teburin kantin.

"Ina Mai Sukudireba? Fito. Ka ga marainiyar wayonka, ka yi mata daɗin baki ka liƙa mata ruɓaɓɓen kaya, yau ga mijina can kwance da jini. Ni ban yi boko ba, amma na san cuta in na gan ta. Sai an bi min haƙƙina."

Saurayin ya kwance murfin. Ya leƙa, ya shinshina. Ɗan mai kantin ma ya sunkuya ya leƙa. Saurayin ya ɗago ya dubi Inna, ya dubi mutanen da suka yi cirko-cirko.

"Kalle ni da kyau," in ji ta. "Faɗa musu abin da ka gani."

Ya mayar da murfin a hankali.

"Laifina ne, Inna. Ki yi haƙuri. Yaya jikin Baba?"

"Kada bakinka ya ƙara kiran sunansa. Kuma in na ga ƙafarka a ƙofar gidana, ni da kai ne."

Nan take ɗan mai kantin ya ce wa saurayin ya tattara kayan gyaransa ya bar musu wuri. Da yamma sai ga ɗan mai kantin a gidansu da injin nan mai ƙyalli, wai kyauta ce ta ban haƙuri. Ya dawo washegari, ya dawo jibi, kullum da leda a hannu. A zuwa na huɗu ya ce mahaifinsa zai zo ƙarshen mako su gana da Kyaftin kan maganar auren Auta.

"Inna, ni ba na son sa," in ji Auta, idonta a kumbure.

"Ban ce dole ba. Ki zauna har ki yi furfura in kin ga dama. Amma wanda ya kusa kashe ubanki ba zai zama surukina ba."

Gidan ya yi tsit. Auta ta daina cin abincin kirki. Kyaftin ya kurɓi gahawar sabon injin sau ɗaya ya ture kofin, ya ce ruwan wanke tukunya ya fi ta ɗanɗano.

Ana gobe mai kantin zai zo, Auta na hutun aiki tana wanka da hantsi, wayarta ta yi ƙara a kan tebur. Inna ba ta iya karatu ba, amma ta gane hoton Mai Sukudireba da ya fito. Ta ɗauka ta dangwara wa mijinta a cinya.

"Karanta min. Kada ka tsallake ko harafi."

"Haba, wannan ba tsari ba ne."

"Karanta, Malam."

Ya sa tabarau. Saƙon farko na Auta ne:

"Injiniyana, yau kwana tara. Ka ce laifinka ne, ni kuwa na san hannunka. Don Allah me ka gani a cikin injin nan?"

Sai nasa:

"Nas ɗita, ki ci abinci tukuna. An ce min kin rame."

Sai nata:

"Ba zan ci ba sai ka faɗa min. Gobe za su zo."

Kyaftin ya kai kan wanda ya shigo yanzu. Ya karanta a zuci, ya kife wayar.

"Sauran ba komai, gaisuwa ce."

"Shekara talatin da biyar ina kallon fuskar nan. Karanta."

Ya karanta, kalma na fita da ƙyar:

"Hasken idona, madara da sukari ne suka ƙone a cikinsa, a tankin ruwa aka zuba su. Wadda ta zuba so take Baba ya ji daɗi, ba ɓarna ta nufa ba. Ranar da na yi miki bayani tana waje, da ya kamata in maimaita mata. Kanti cike yake da mutane, ba zan iya kunyata matar da ta haife ki ba. Aiki zan samu wani. Kada ki faɗa mata. Ki goge wannan."

Inna ta laluba bango ta zauna a ƙasa. Ta dubi tabon goshin mijinta.

"Ni na ɗauka a kofi kike zubawa," in ji Kyaftin a hankali.

Ta tashi ta yafa mayafi, ta tsinke wayar injin mai ƙyalli daga bango, ta naɗe shi a zanen nan dai.

Kantin ya fi na rannan cika. Ta dire shi a inda ta dire na farko.

"Jama'a, ku saurara. A nan na tsaya na kira yaron mutane macuci, to a nan zan janye. Ni na zuba madara a tankin da hannuna, ni na ƙona shi. Yaron ya gani ya rufa min asiri, aka kore shi a kan jahilcina."

"Mama, ai abu ya wuce," in ji ɗan mai kantin. "Mu shiga ciki."

"Ba na shiga. Kai ma ka leƙa rannan, hancinka har yana taɓa ƙarfen. Ka ji warin madara ko ba ka ji ba?"

Ya shiga gyaran agogon hannunsa.

"Na ji amsar. Ga kayanka, ka ce wa mahaifinka ya huta da zuwa gobe."

Ashe mahaifin yana ofis yana ji. Ya fito, ya yi wa ɗansa wani irin kallo, ya ce wa Inna a gaya wa yaron aikinsa na jiran sa.

Ta sami saurayin a ƙarshen titin, ƙarƙashin matakalar wani bene, ya kafa ɗan tebur yana gyaran fanka. A gefe ga baƙin injinsu an warware shi gunduwa-gunduwa, sassan na jiƙe a roba. Da ganinta ya zame ya durƙusa.

"Tashi. Kai wane irin sakarai ne? A zage ka, a kore ka, a raba ka da wadda kake so, ka yi gum?"

"Inna, ke uwa ce."

"Uwa ba ta ɓarna ne?" Ta share ido da bakin mayafi da ƙarfi kamar mai jin haushin hawayen. "Na zalunce ka, ɗan nan. Ka yafe min."

"Ban riƙe ki da komai ba. Injin ma ya kusa tashi, bututu ɗaya nake jira."

"Bar zancen bututu. Yarinya na can ta koma kamar tsinke. Ka turo manyanka."

Ya ɗago kai da sauri. Sukudireban ya faɗo daga bayan kunnensa.

Bayan wata biyu aka ɗaura musu aure. Da yamma, kafin a tafi da amarya, suka shigo suka durƙusa gaban iyayen. Baƙin injin na kan teburinsa, an liƙa wa tankin jan ƙyalle don tunatarwa.

Inna ta cika shi da ruwa zalla, ta danne garin kamar yadda surukinta ya koya mata sau uku. Ta miƙa wa Kyaftin tasa baƙa ƙirin. Ta haɗa ta biyu, ta zuba madara da sukari cokali uku a kofin, ta miƙa wa ango.

"Inna, shi ba ya shan zaƙi," in ji Auta tana dariya cikin hawaye.

"Yau zai sha. Ya sha ɗaci a hannuna ya isa."

Ya shanye tas. Inna ta ɗora hannu ɗaya a kansa, ɗaya a kan 'yarta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari. Kai kuma, yadda ka rufa min asiri a gaban mutane, Allah ya rufa naka duniya da lahira."

"Amin," in ji Kyaftin, ya ɗaga ɗan kofinsa da hannun da ya fara motsi.