Ɗigon Jinin Tijani

Ranar wata Asabar, a harabar wata makarantar Islamiyya a unguwar Maamobi, Mubarika ta kama wuyan hannun wani saurayi tana ƙirga bugun jijiyarsa. Ɗalibar aikin jinya ce, an turo su su taya ma'aikatan karɓar gudummawar jini.

"Ɗari da huɗu a minti ɗaya," ta ce. "Gudu ka yi?"

"Kafin ki riƙe ni saba'in ne."

Ta hana shi kwanciya a ɗibi jininsa sai da ya huta minti goma. Sunansa Tijani, mai gyaran firij a unguwar Nima, kuma wannan ne karo na takwas da yake ba da jini. Ya tafi da auduga a gwiwar hannu da lambar wayarta.

Bayan wata bakwai ya je gaida mahaifiyarta, Hajiya Amama, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi. Ta amsa gaisuwa da fara'a har zuwa lokacin da Mubarika, cikin alfahari, ta ambaci katinsa na masu ba da jini.

"Sau nawa?"

"Yanzu tara, Mma," in ji Tijani.

Hajiya ta ajiye ludayi, ta sa babban yatsa ta ja fatar idonsa ƙasa, ta leƙa. "Leda tara! To me ya rage a jikin? Da wane jinin za ka haifa mini jikoki?"

Daga ranar ta rufe maganar aure. Jini, a wurinta, kamar shinkafar buhu ne: abin da aka ɗiba ya tafi. Ta fi son Mas'udu, mai sayar da kayan mota a kasuwar Abossey Okai, wanda wuyansa ya yi uku na Tijani.

Mubarika ta yi bayani sau huɗu. Ta ce a jikin babba akwai jini kusan lita biyar, abin da ake ɗiba kuma bai kai rabin lita ba. Ta ce ruwan jinin yana dawowa cikin kwana biyu, jajayen ƙwayoyin kuma cikin makonni. Rannan har ta tsamo ƙashi daga tukunyar miya ta fasa shi.

"Mma, kin ga ɓargon nan? A irinsa ake ƙera jini kullum. Ko ba a ɗiba ba, ƙwayar jini wata huɗu take yi ta mutu, sabuwa ta maye gurbinta."

"Mayar mini da ƙashina. Na kwastoma ne."

Hajiya ta zauna a kan benci tana haki, ta ce hayaƙin itace ne ke sa ta jiri.

Da la'asar Mubarika ta tura saƙo: "Mai firij ɗina, na gaji. Na ci jarrabawar wannan darasi da maki tamanin, amma na kasa koyar da mutum ɗaya. Mma ta ce Mas'udu zai turo manyansa bayan Sallah."

Ya amsa: "Nas ɗina, in na daina ba da jini za ta yarda?"

"Za ta ce taran ba su dawo ba. Kuma in ka daina, ni ce ba zan yarda ba."

"To wa za ki aura, ni ko katina?"

Kwana uku ba ta ba shi amsa ba. A na huɗu ta rubuta: "Ranar Asabar akwai karɓar jini. Zan kawo Mma. Ka gayyaci Mas'udu da kanka."

Mas'udu ya amsa gayyata, amma da ya ji akwai allura sai ya ce kaya sun iso masa a tashar jirgin ruwa ta Tema, bai zo ba.

Hajiya ta zo da mayafin fita, fuska a ɗaure. Ma'aikaciyar da ke tebur, Sista Sharifa, ta nuna mata wata kwalba mai ruwa shuɗi.

"Hajiya, kafin mu ɗibi jinin kowa sai mun ɗiga shi a nan. In jan jinin ya isa, ɗigon zai nutse. In ya yi ƙaranci, sai ya tsaya a sama, mu ce wa mai shi ya koma gida."

Aka soki yatsan Tijani. Ɗigon ya faɗa ruwan, ya sauka ƙasa kai tsaye.

"Kowa ma haka nasa zai yi," in ji Hajiya. Ta naɗe hannun riga. "Gwada nawa ki ga jinin da ba a taɓa ɗibar ko cokali ɗaya ba."

Ɗigonta ya tsaya a saman ruwan yana lilo. Suka jira. Bai sauka ba.

"Girgiza kwalbar."

"Ba a girgizawa, Hajiya. Kina yawan jiri? Haki in kin hau bene?"

Hajiya ta sauke hannun rigarta. Sista Sharifa ta rubuta mata takardar ganin likita. Mubarika, wadda ta yi shekara biyu tana karanta alamomin ƙarancin jini a littafi, ta ja fatar idon uwarta ƙasa a karon farko. Cikin fatar fari ne. Ta juya baya ta share hawaye.

Tijani ne ya kai Hajiya asibiti ranar Litinin, shi ne kuma ya riƙa kawo mata hanta da ganyen kontomire, wato na gwaza, har ta gama shan magani. Bayan wata uku ta koma wurin kwalbar da ƙafarta. Ɗigon ya nutse.

"To ɓargon yana aiki," ta ce. Ta dubi Tijani. "Ka turo manyanka. Amma in da ranar karɓar jini a makon biki, ka bar musu, kada ka je."

An ɗaura auren a Nima bayan sallar Azahar, ranar Lahadi. Liman ya roƙi zaman lafiya da zuri'a ta gari, jama'a suka shafa. Da ango ya durƙusa gaban surukarsa, ta sa masa albarka, sannan ta ja fatar idonsa ta leƙa.

"Ja ne," ta ce. "Allah Ya bar ku tare. Tashi ka ɗauki matarka."